Jan Layin Ƙarfe Takwas

Wata huɗu ke nan da aka ba Auta riƙon reshen kamfaninsu, kuma a cikin wata huɗun nan har zoben hannunta ya fara yi mata yawa. Sana'ar kamfanin ba wata mai wuyar ganewa ba ce, amma duk wanda ta yi wa bayani a dangi sai ya sake tambaya. Bene suka kama, suka jera tebura arba'in da kujeru, suka sa intanet da janareta da na'urar sanyaya ɗaki, da butar shayi a lungu. Duk mai aikin kansa wanda ba shi da ofis sai ya zo ya yi hayar tebur, ko na yini ko na wata, ya buɗe kwamfutarsa ya yi abin da ya kawo shi. Rassa goma sha tara kamfanin ke da su a faɗin ƙasar, domin a 'yan shekarun nan harkar ta karɓu ƙwarai, har ta kai duk mai benen da ya rasa 'yan haya sai ya sayo kujeru masu launi ya kafa allo a ƙofa.

Reshen Auta ne dai ya ƙi ci gaba. Tebur arba'in, mutum goma sha ɗaya. Mutane za su zo da zumuɗi su biya kuɗin wata, su yi sati biyu suna latsa waya da shan shayi, daga nan sai a neme su a rasa. Ana cikin haka kuma wani sabon kamfani ya buɗe a tsallaken titi, ya karya farashi, ya zuba wasu manyan buhuna masu laushi waɗanda mutum ke nutsewa a cikinsu. Manajan Yanki, wanda ke kula da rassa biyar har da nata, ya kira ta a waya ya ce an ba ta wata uku, ko dai ta cika teburan nan ko a rufe reshen.

Ta ajiye wayar ke nan sai ga kiran mahaifiyarta.

"Auta, ki zo ki ɗauki babanku," in ji Umma, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya amsawa ba.

"In kai shi ina, Umma?"

"Ko'ina ma. Ni dai ki fitar min da shi daga safe zuwa yamma."

Baba ya yi shekara talatin da biyar yana magatakarda a ofishin ajiyar takardu, bai taɓa makara ba, bai taɓa ɓatar da ko da guntuwar takarda ba. Wata shida da suka wuce ya yi ritaya, ya dawo gida da duk ƙarfinsa. Umma ta ce har ya liƙa wa tukwanenta lamba tun daga ɗaya har goma sha huɗu, ya buɗe fayil na sabulu, ya rataya jadawalin shara a bayan ƙofa. "Jiya maƙwabciya ta aiko aron rariya," in ji ta, "ya ce sai dai ta rubuto a rubuce. Shekara ashirin muna tare da matar nan!"

Auta ta dubi teburan da ba kowa a kansu, ta ga ai ko ba komai mutum ɗaya zai ƙaru. Ta biya masa tebur mai lamba goma sha huɗu daga aljihunta, kusa da taga. A hanya ta yi masa bayani a hankali.

"Baba, nan fa ba kamar ofishinku ba ne. Kowa gashin kansa yake ci. Ka zauna ka karanta jaridarka, ka sha shayi, kada ka kula kowa."

"Ni ina ruwana da mutane," in ji Baba.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai da kwata ya iso, ya riga mai shara. Ya buɗe tsohuwar jakarsa ya jera rula, da jan biro, da baƙin biro, da hatimi, da abin huda takarda, kowanne a muhallinsa. Ƙarfe takwas ta buga, ba kowa. Tara ta yi, ba kowa. Sai wajen sha ɗaya saura wani matashi mai zana wa kamfanoni alluna da tambura a kwamfuta, wanda kowa ke kira Mai Zane, ya shigo da silifa, kunnuwansa a toshe da abin jin kiɗa. Bai gai da kowa ba, ya faɗa kan doguwar kujera ya miƙe ƙafa. Baba ya bi shi da kallo ta saman tabarau. Ranar da washegari, Auta ta lura ko shafi ɗaya na jaridar bai juya ba.

Ranar Laraba da ta zo sai ta tarar tebur mai lamba goma sha huɗu ya tashi daga bakin taga ya koma bakin ƙofa. A kansa ga wata doguwar rajista mai baƙin bango, an tsara ta da rula: suna, sana'a, lokacin zuwa, sa hannu. Ƙarfe takwas daidai Baba ya ɗora rula ya ja jan layi daga wannan gefe zuwa wancan, ya harɗe hannu yana jira.

Mai Zane ne ya fara faɗawa hannunsa.

"Samari, cire abin kunnen nan. Ƙarfe nawa yanzu?"

"Sha ɗaya saura, Baba."

"Wa ya ba ka izinin makara?"

Mai Zane ya yi dariya. "Ai ni ba ni da shugaba, Baba. Ni ne shugaban kaina."

"To shugabanka ya yi sake da yawa. Sa hannu a nan, ƙasan jan layi."

Kafin azahar Baba ya kai masa takardar tuhuma har kwafi biyu, an buga hatimi, ana neman ya bayyana dalilin makararsa cikin awa ashirin da huɗu. Mai Zane ya tambaya ta biyun ta wane ne. Baba ya ce ta shugabansa ce, tunda shi ne, sai ya riƙe duka.

Auta ta ja mahaifinta gefe, murya ƙasa-ƙasa, kamar za ta yi kuka.

"Baba, don Allah, mutanen nan kuɗinsu suka biya. Baƙinmu ne, ba ma'aikatanmu ba."

"Sun biya don su yi aiki ko don su yi barci?"

"Wannan ai ruwansu ne."

"A allon ƙofa kun rubuta ofis. Da kun rubuta masauki, da ban ce uffan ba."

Wanda ya fi kowa jin haushi shi ne Lauya, wani mai ƙiba da ke ganawa da masu ƙara a teburinsa saboda bai kama ofis na kansa ba tukuna. Da aka miƙa masa rajistar sai ya ja da baya ya gyara wuyan kwat.

"Ni, da kuɗina, a ce in sa hannu kamar ɗan makaranta? A wace doka?"

"A dokar ƙarfe takwas," in ji Baba.

Lauya ya kwashe takardunsa ya tsallaka titi, mutum biyu suka bi bayansa. Aka koma takwas, sai Baba na tara. Da yamma Auta ta kira Umma ta roƙe ta ta karɓi mijinta.

"Me kika ce? Ba na jin ki sosai," in ji Umma, ana jin rediyo da dariyar maƙwabta a bayanta. "Layin nan ba kyau, Auta. Ki gai da babanku."

Auta ta haƙura, ta ce ai dama rufewa za a yi, to a rufe da wuri kowa ya huta.

Sai ga shi ranar Litinin ta gaba, takwas saura minti biyar, ta ji gudu a kan matakala. Mai Zane ne, yana haki, rigarsa a juye. Ya fizgi biro ya sa hannu, ya dubi agogo, ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci gasa. Dalili kuwa, Baba ya tsiro da karanta sunayen 'yan ƙasan layi da ƙarfi da tsakar rana, daidai lokacin da kowa ya taru wajen butar shayi, kuma sunan Mai Zane ya fito sau uku a jere. Ban da wannan, kullum ƙarfe huɗu Baba yana zagaya tebura hannu a baya, yana tambayar kowa abin da ya gama a ranar. Idan ka ce kana kan tunani, sai ya ce ka nuna masa tunanin a rubuce. Akwai allon wani kantin magani da Mai Zane ya yi sati shida yana ja wa mai shi rai. A kwana uku ya gama shi, don kawai ya samu abin faɗa ƙarfe huɗu.

Akwai kuma Mai Turare, wata mata mai sayar da turare ta waya tana aika wa masu saye a kwali. Kullum cikin ba da haƙuri take, saboda kwalin wannan sai ya tafi gidan wancan. Baba ya kalli ɓarnar kwana biyu, ya kasa daurewa, ya buɗe wa kowane mai saye fayil ya ba shi lamba, ya hana kwali fita sai an buga masa hatimi. Cikin sati ɗaya ƙorafi ya ɗauke. Mai Turare ta kawo ƙawayenta biyu. Mai Zane ya kawo abokinsa mai haɗa bidiyo, wanda ya ce shi a gida ba ya iya tashi kafin rana ta take. Daga nan sai mutane suka fara hawowa benen suna leƙe suna tambayar Auta, "Nan ne wurin tsohon nan mai faɗa?" Da farko takan ba su haƙuri. Daga baya ta gane ba ƙorafi suka kawo ba, tebur suke nema.

Kwana tara da tafiyarsa Lauya ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ashe a can tsallake ya nutse cikin buhun nan mai laushi yana duba takardun wata shari'a, bai farka ba sai da aka tashi daga kotu. Alƙali ya wanke shi tas a gaban jama'a, mai ƙarar kuma ya canja lauya.

"Baba, na dawo," ya ce.

"Ka dawo ina? Ai sai ka rubuto takardar neman dawowa."

Lauya ya zauna ya rubuta shafi biyu. Baba ya bi ta da jan biro, ya gano kuskure huɗu, ya mayar masa ya sake.

Kafin wata na biyu ya ƙare, tebura talatin da huɗu sun samu masu su. Auta ba ta faɗa wa hedikwata komai game da Baba ba, don ba ta san da wane baki za ta fara ba. Shi kuwa Manajan Yanki da ya ga rahoto ya canja haka kwatsam, sai ya yanke shawarar zuwa ya gani da idonsa ba tare da sanarwa ba. Ya iso ƙarfe goma da minti ashirin, matashi ne mai matsattsiyar kwat da waya biyu a hannu, a daidai lokacin da Auta ke bayan bene tare da makanike suna fama da janareta. Ya sa kai zai wuce, rula ta tare masa hanya.

"Sa hannu, ƙasan layi."

"Malam, ka san ko ni wane ne?"

"Rubuta a nan, sai in sani."

"Ni ne nake kula da wurin nan gaba ɗaya!"

"Kana kula da shi daga ƙarfe goma da minti ashirin?"

Auta ta shigo hannunta duk baƙin mai, ta ga Manajan Yanki a sunkuye yana sa hannu, mahaifinta kuma yana warware murfin hatimi. Ta ruga wurinsu.

"Baba! Shugabana ne fa!"

"To ai shi ya kamata ya riga kowa zuwa," in ji Baba, ya juya ya dubi baƙon. "Kai ne ka ce za ka rufe wa 'yata reshe?"

Auta ta ji da ma ƙasa ta tsage. Ta shiga ba da haƙuri, ranka ya daɗe kaza, ranka ya daɗe kaza, mahaifina ne, tsufa ne, gobe ba zai zo ba. Manajan ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya lura da abin da bai taɓa ji ba a rassansa biyar: shiru. Ba ka jin komai sai ƙarar maɓallan kwamfuta. Doguwar kujerar nan ba kowa a kanta. Mai Turare ta ɗago daga cikin kwalayenta ta ce, "Yallaɓai, in dai gobe Baba bai zo ba, mu ma jibi ba za mu zo ba." Lauya ya ƙara da cewa shi a shirye yake ya rubuta hakan a hukumance.

Manajan ya zagaya ɗakin sau biyu, ya dawo ya ja Auta gefe.

"Nawa kike biyansa?"

"Ba a biyansa, ranka ya daɗe. Ni ce ma nake biya masa tebur."

Ya daɗe yana kallon Baba, irin kallon da mutum ke yi wa abin da ya tsinta a hanya.

Sati uku bayan haka takarda ta fito daga hedikwata. An ƙirƙiro sabon tsari, za a ɗauki tsohon ma'aikaci ɗaya a kowane reshe, kuma duk mai son a riƙa yi masa faɗa zai ƙara wani abu a kan kuɗin teburinsa. Aka naɗa Baba babban mai horarwa, da albashi. Ranar horon aka tara tsofaffi goma sha takwas a ɗakin taron reshen Auta, kowa da jakarsa. Har ƙarfe ɗaya ba a fara ba, saboda an kasa daidaitawa a kan wanda zai zauna a kan gaba. Wannan ya ce ya riga wancan kama aiki da shekara biyu, wancan ya ce amma ya fi shi mataki a lokacin ritaya, na uku ya zaro takardar ɗaukarsa aiki daga aljihu a cikin leda. Manajan Yanki ya yi ƙoƙarin sa baki, suka haɗu suka tambaye shi shekarar da aka haife shi, ya fita.

Sakamakon ya zo a gauraye. Reshen da ya samu tsohon shugaban makaranta ya cika har da jerin masu jira. A wani reshen tsohon mai gadi aka ɗauka, shi kuwa ƙarfe takwas na yi sai ya garƙame ƙofa da kwaɗo ya sa mabuɗi a aljihu, 'yan haya suna waje suna roƙo ta taga. Wani tsohon kuma ya gano doguwar kujera tun ranar farko, ya fi duk matasan barci. A ƙarshe rassa tara suka riƙe tsofaffinsu, sauran aka sallame su da takardar godiya, biyu daga cikinsu suka mayar da takardar saboda kuskuren rubutu. Reshen Auta dai ba a sake maganar rufe shi ba, har ma aka kama musu hawa na sama.

Kamfanin tsallaken titi da ya ga mutanensa suna zarewa ɗaya bayan ɗaya, sai shi ma ya nemo nasa tsohon. Wata safiya Baba yana tsaye a taga sai Auta ta ga ya cire tabarau ya goge ya sake sawa. A ƙofar can ga wani dogon tsoho siriri zaune a bayan tebur da rajista a gabansa.

"Dogo ne," in ji Baba, muryarsa ta canja.

"Wane ne Dogo, Baba?"

"Tare muka kama aiki rana ɗaya. Shi aka ƙara wa girma aka bar ni, shekara ashirin da biyu ke nan."

Ya ɗauki hularsa ya sauka. Auta ta tsaya a taga, tana ganin ya tsallaka titi ya shige. Ta yi tunanin kiran Umma, ta yi tunanin tura Lauya. Awa biyu cur sannan ya dawo, fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Mutumin nan a rayuwarsa bai taɓa sanin inda fayil yake ba. Rajistar ma a juye ya riƙe ta."

Haka kuwa aka yi. Wata shida kamfanin can ya ƙara sannan ya naɗe kayansa, wurin ya koma kantin sayar da katifu. Dogo da ya rasa wurin zama, kuma matarsa ta riga ta saba da rashinsa a gida, sai ya hawo benen su Auta ya yi hayar tebur da kuɗin fanshonsa, ya zaɓi na kusa da Baba. Tun daga ranar suka buɗe shari'ar ƙarin girman nan daga farko, da kwanan wata da sunayen shaidu, yawancinsu sun rasu. Sai da 'yan haya suka kai ƙara cewa tsofaffin suna hana su aiki, Auta ta raba su, ta mayar da Dogo hawa na sama. Yanzu ta hannun Mai Turare suke aika wa juna takardu in za ta hau ɗauko kwali, kuma ta ce ranar da ba a ba ta saƙo ba, Baba da kansa yake tambayarta ko Dogon lafiya.